Shawara ga ƙannenmu masu karatun likita a Damagaram

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman ku da ke shekarar farko a fakilte ta lafiya ta Jami'ar André Salifou. Bidiyon anatomi (ilimin sassan jikin mutum) na YouTube na taimakawa ƙwarai, amma don Allah kada ku kalle shi kai tsaye yana cinye muku forfe, ku sauke shi da dare lokacin da rezo ya yi kyau, washegari ku kalla da takardar kur ɗinku a gefe kuna tsayar da shi kuna zana jijiyoyin da hannunku, haka yake zama a kai. Idan da Ingilishi ne akwai wurin juya rubutun ƙasa zuwa Faransanci.

Amma maganar magani da awonsa, wannan kam kada ku ɗauka daga TikTok. Palu (zazzaɓin cizon sauro) mai tsanani misali allurar artesunate ce ake fara yi, ku bi tsarin ma'aikatar lafiya ta ƙasarmu da abin da malamanku suka koyar.

Sannan in kun fara staj a lopital, hoton majinyaci ko dosiyensa kada ya shiga gurup na WhatsApp, ko an rufe fuska. Garin nan an san juna, zanen da tsohuwa ta ɗaura ma ya isa a gane ta.