Yadda za ka zaɓi ƙwallon golf mai kyau

1. Idan sautu za ka bayar daga Damagaram zuwa Kano ko Yamai, faɗi sunan kamfanin: Titleist, Callaway ko Srixon.

2. Kai sabon shiga ne? Sayi mai ɓawo biyu, wato mai ciki ɗaya da murfi ɗaya. Ta fi araha, ta fi jure bugu a ƙasa mai tsakuwa irin tamu. Mai laushin baya ta ƙwararru ce, ga tsada, ga saurin kojewa.

3. In ta hannu ce, shafa ta da yatsa, ka duba ƴan ramukan jikinta a rana. Tsaga ko kumburi, mayar.

4. Auna ta: kada nauyinta ya wuce giram 45.93.

5. Zaɓi mai launin ruwan lemu, don farar tana saurin ɓacewa cikin rairayi.