Darasi na Bakwai: Renon Fotos a Cikin Ɗaki

Fotos shuka ce mai yaɗo wadda ake ajiyewa a ɗaki saboda kyan ganyenta, kore mai ratsin rawaya. Masana tsirrai suna kiranta Epipremnum aureum, kuma asalinta daga tsibirin Mo'orea ne da ke tekun Fasifik, inda take tsirowa a inuwar manyan itatuwa, ta kama gindinsu, ta yi ta hawa tana neman haske. Abin da take bukata a ɗaki shi ne kwatankwacin abin da ta saba da shi a wancan kurmi.

Ku ajiye ta kusa da taga, inda haske yake shigowa amma rana ba ta dukan ganyen kai tsaye, ko da kuwa labule mara kauri ne zai tare ta. Zafin rana yana ƙona ganye, duhu kuma yana sa ratsin rawayar ya dushe. Ta fi jin daɗin ɗumin da yake tsakanin digiri 18 da 29 a ma'aunin Salsiyas, saboda haka kada a girke ta a gaban na'urar sanyaya ɗaki.

Batun ban ruwa shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma abin tausayi, yawanci ƙauna ce take jawo shi. Mutum zai ga ganye ya yi yaushi, sai ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, alhali saiwar ce ta fara ruɓewa saboda ƙasar ta jiƙe har iska ba ta ratsa ta. Saiwa tana numfashi, kuma idan ta ruɓe ba za ta iya jan ruwa zuwa ganye ba, ko da tukunyar cike take. Kafin ku zuba ruwa, ku cusa ɗan yatsa cikin ƙasar har zuwa gaɓa ta farko. Idan ya fito da danshi, ƙasa tana manne a jikinsa, ku dakata kwana biyu ko uku. Idan ya fito a bushe, ku zuba sosai har ruwan ya ɗigo ta ƙasan tukunyar, sannan ku zubar da wanda ya taru a faranti. Tukunyar da ba ta da huda a gindi ba ta dace ba sam. Ƙasar kuma a gauraya ta da yashi mai tsakuwa da ɓarɓashin gawayi domin ta yi sako-sako. Idan kun zare shukar kuka tarar da saiwa baƙa, mai laushi da wari, ku yanke ta da almakashi mai tsabta, ku bar fara mai ƙarfi, ku sake dasawa a sabuwar ƙasa.

Ku dubi karan da kyau: a kowace gaɓa, daura da inda ganye ya fito, akwai ɗan tsiro mai ruwan ƙasa. Wannan saiwar iska ce, da ita shukar take kama itace. Ku kafa sanda a tukunyar, ku naɗe ta da zaren ɓawon kwakwa, ku ɗaura karan a jikinta da tsumma mai laushi ba tare da matsewa ba, kuna jiƙa sandar lokaci-lokaci. Fotos ɗin da ta sami abin hawa takan fitar da ganye manya fiye da wadda aka bari tana reto.

Taki kaɗan sau ɗaya a wata ya wadatar a lokacin da take toho. Ku riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen ƙyalle, kuna duba bayansa ko akwai fararen ƙwari masu kama da auduga, waɗanda ruwan sabulu yake kawarwa.

Wajibi ne a nisanta ta daga yara ƙanana da kyanwa da kare, domin ruwan jikinta yana sa baki raɗaɗi da kumburi idan aka tauna.

Aikin wannan mako shi ne kowa ya yanko reshe mai ganye biyu ko uku daga ƙasan gaɓa, ya cire ganyen ƙasa, ya tsoma gaɓar a kwalbar ruwa, yana canja ruwan duk mako, sannan ya rubuta a littafinsa ranar da ya fara ganin farar saiwa.