Babi na Shida: Sauya Tiyon Iska na Tankin Mai a Tsohuwar Kombi

Darasi na ɗaya: sanin wurin aikin

Motar da muke koyo da ita ita ce Volkswagen Kombi, samfurin da aka ƙera a Jamus daga 1967 zuwa 1979, wadda ake gyara cikinta a sa gado da wurin girki. Injinta yana baya, iska ce ke sanyaya shi, kuma tankin mai yana dab da shi, faifan ƙarfe kaɗai ya raba su. Daga saman tankin ƙananan bututan ƙarfe suke fitowa, an haɗa su da guntayen tiyon roba. Ta nan iska ke shiga idan mai ya ragu, ta nan kuma tururin mai ke wucewa idan ya kumbura, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin Maradi ke haura digiri 40. Idan robar ta tsage, za ku ji warin mai bayan an cika tanki, kuma wannan warin kusa da inji mai zafi shi ke jawo gobara.

Kafin ku taɓa kome, ku kai motar fili, ku bari inji ya huce, ku cire wayar batir mai alamar ragi (−). Kada kowa ya kunna sigari ko ya kawo gawayin shayi kusa. Bayan haka ku cire faifan ƙarfen da ya raba inji da tanki domin ku kai ga tiyon.

Darasi na biyu: cire ɗaya, sa ɗaya

Ƴan'uwa, a nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, don haka ku karanta a hankali, babu mai korarku. Ku zaɓi tiyo guda ɗaya tak. Ku sassauta zoben ƙarfen da ya matse bakinsa da turnabis, ku murza robar hagu da dama har ta saki, sannan ku ja ta. Ku ɗora tsohon tiyon a kan sabon, ku yanka daidai tsawonsa. Ku zura zobba biyu a jikin sabon tun kafin ku sa shi, ku tura kowane baki har ya rufe bututun sosai, sannan ku ɗaure. Sai wannan ya kammala za ku taɓa na biyu.

A sake karantawa: ɗaya ake cirewa, a mayar da sabonsa, sannan a wuce gaba. Wanda ya cire duka a lokaci guda zai tarar da bakunan ƙarfe masu kama da juna, ba zai san wanne ke zuwa wanne ba. Idan kuna da waya mai hoto, ku ɗauki hoton wurin kafin ku fara, amma hoton ba izinin cire duka ba ne. Idan hannunku ya yi nauyi a tiyon farko, ba laifi ba ne, a na uku zai saba.

Duk da an maimaita wannan a aji, har yanzu ana samun mai tara tsofaffin robobi a ƙasa yana tambaya ina wannan ya fito. Wannan gaggawa ce kawai, kuma babba bai kamata a riƙa faɗa masa magana ɗaya kullum ba. Ɗaya bayan ɗaya.

Darasi na uku: irin tiyon

Ku nemi tiyon da aka yi domin mai, ku tafi kasuwa da tsohon guntun don a gwada faɗin bakinsa. Tiyon ruwa da na ƙarin ruwan asibiti ba su jure mai, suna taurarewa su tsage. Kafin ku sa sabon, ku hura bututun ƙarfen da famfon keke, domin ƙurar hunturu da laka irin ta zanzaro suna toshe shi. Kada tiyo ya lanƙwashe.

Darasi na huɗu: gwaji

Ku mayar da faifan da wayar batir, ku zuba mai, ku shinshina wurin kafin ku tayar da inji. Idan warin bai tafi ba, ku kai wa makanike.