Yadda za ka karanta labaran Homa masu zane kafin ka kalli fim ɗinsu

Dogayen waƙoƙin tsoffin Girkawa da aka fi mayarwa fim guda biyu ne, Iliyad da Odisi, kuma dukkansu ana danganta su ga mawaƙi Homa, wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Iliyad ta haura layi 15,000, Odisi kuwa kimanin 12,000, kowacce an raba ta kashi 24. Fim na awa uku ba zai ɗauki wannan kaya ba, dole ya zubar da wani. Amfanin littafi mai zane shi ne cikin kwana huɗu ko biyar ya ba ka ƙashin bayan labarin, ka shiga kallo kana sane da abin da aka ɗauka da abin da aka bari.

Fara da tantance wace waƙa ce fim ɗin ya ɗauko. Nan ake yawan tuntuɓe. Mutum ya sayi Iliyad yana jiran ganin dokin katakon da aka ci birnin Turoy da shi, ya kai ƙarshe bai gan shi ba. Iliyad ta ƙunshi kwanaki hamsin da 'yan kai ne kawai a shekara ta goma ta yaƙin da Girkawa suka kai wa Turoy: fushin Akilis, babban jarumin Girkawa, kisan amininsa Fatrokulus, da ramuwar da ya yi kan Hekta, ɗan sarkin Turoy da ya yi kisan. Da jana'izar Hekta ta ƙare, mutuwar Akilis ma ba ta ciki. Labarin dokin a Odisi aka ambace shi, kashi na 4 da na 8. In fim ɗin na komawar Odisiyus, sarkin tsibirin Itaka, gida bayan yaƙin ne, Odisi za ka nema.

Sai zaɓen littafi. Akwai wanda zane ne ke ɗauke da labarin, hoto bayan hoto, magana a cikin da'ira. Gareth Hinds ya yi irin wannan ga Odisi a 2010 da Iliyad a 2019, kuma yana bin tsarin Homa sosai. Akwai kuma na zube mai hotuna jefi-jefi, kamar Black Ships Before Troy na Rosemary Sutcliff da zanen Alan Lee, wanda ya fito a 1993. Shi ya haɗo yaƙin tun daga mafarinsa har faɗuwar birnin, don haka ya fi dacewa da fim na yaƙin Turoy baki ɗaya. Ka guji 'yan ƙananan littattafan yara masu shafi talatin. Dodanni kawai suke tsinta, su watsar da rabin labarin. Gwaji mai sauƙi: buɗe farkon Odisi. In ya fara da matashi Telemakus, ɗan Odisiyus, a gida da masu neman auren mahaifiyarsa, ya bi Homa. In ya fara da jiragen ruwa suna barin Turoy, an sake jera shi.

Kafin ka fara, ɗauki takarda guda ka rubuta suna goma kacal, kowanne da dangantakarsa: Odisiyus, matarsa Fenelofi, ɗansa Telemakus, mahaifinsa Layatis, Kalifso wadda ta tsare shi a tsibirinta, matsafiya Sarsi, dodo mai ido ɗaya Folifemus, da uku daga allolin da Girkawan dā suka yi imani da su, Zus da Atina da Fosaidon. Wasu tsoffin littattafai da sunayen Rumawa suke amfani, Odisiyus ya koma Yulisis, Atina ta koma Minaba, Fosaidon ya koma Neftun. Rubuta su gefe da gefe, in ba haka ba sai ka zaci mutum biyu ne.

Raba Odisi zama huɗu. Na farko, kashi 1 zuwa 4: jarumin bai ma bayyana ba, ɗansa ne ke yawon neman labarinsa a biranen Filos da Sifata, maza 108 kuma sun tare a gidan suna cinye dukiya. Kada ka tsallake, domin nan za ka gane abin da ke jiransa. Na biyu, kashi 5 zuwa 8: ya bar tsibirin Kalifso a kan kwale-kwalen da ya haɗa da hannunsa. Na uku, kashi 9 zuwa 12, shi ne wurin da ya kamata ka yi jinkiri. Duk abubuwan al'ajabin nan Odisiyus ne ke ba da labarinsu da bakinsa a fadar wani sarki, waiwaye ne, sun riga sun faru. Wanda bai lura ba sai ya rikice, ya ga abokan tafiyar da suka mutu sun dawo suna tuƙa jirgi. Ka kula da kogon Folifemus musamman. Odisiyus ya ce masa sunansa Ba-Kowa, ya tsiyaye masa ido, suka fice a maƙale ƙarƙashin cikin raguna. Da ya yi shiru da an wuce lafiya, amma yana hawa jirgi ya ɗaga murya ya faɗi ainihin sunansa, dodon ya kai ƙara wurin ubansa Fosaidon. Wannan alfaharin ne tushen wahalar. Daga shekara goma ta komawa gida, bakwai a wurin Kalifso ya yi su, ɗaya a wurin Sarsi, kuma jirage 12 ɗin da ya taso da su ko ɗaya bai isa ba. Zama na huɗu, kashi 13 zuwa 24, rabin waƙar ke nan, kusan duk a tsibirin Itaka: shigar mabaraci da ya yi, tsohon karensa da ya gane shi, tabon ƙafarsa, gasar harba kibiya ta cikin gatari 12. In ya yi maka yawa, raba shi biyu.

Zanen ma karanta shi ake yi. Atina tana yawan sauya kama, ta zo a siffar dattijo ko yarinya, sai ka nemi alamar da mai zanen ya ba ta, kamar launin ido ko mujiya. Ka kuma tuna hoton ra'ayin mai zane ne. Hular ƙarfen nan mai tuntu da ke rufe fuska ta zamanin baya ce, Iliyad kuwa a kashi na 10 ta siffanta hular da aka jera wa haƙoran gadu. Taswirar da ke gaban littafi ma, Turoy a arewa maso yammacin Turkiyya da Itaka a yammacin Girka wurare ne na gaske, tsibiran dodannin kuwa hasashe ne.

Abu biyu zane ke ragewa. Na farko kirari: Homa ba ya cika kiran Akilis haka kawai, sai ya ce mai zafin gudu. Na biyu haƙƙin baƙo, wanda a kansa aka gina Odisi: a ciyar da baƙo kafin a tambayi sunansa. Dodon ya take wannan, masu neman auren ma sun take. Don ka ɗanɗana, nemi cikakkiyar fassara ka karanta kashi na 23 na Odisi, inda Fenelofi ta jarraba mijinta da sirrin gadonsu, ko na 24 na Iliyad, inda tsoho Firiyam, sarkin Turoy, ya sumbaci hannun Akilis da ya kashe ɗansa Hekta.

In da yara za ku karanta, fara dubawa kai kaɗai, domin kashi na 22 na Odisi jini ne male-male, wasu zanukan kuma akwai tsiraici.

Gama karatu da kwana ɗaya ko biyu kafin kallo, takardar sunayenka a hannu. Bayan fim sai ka rubuta wa aka cire, wa aka kashe da bai mutu ba. A fim ɗin Troy na 2004, alal misali, alloli ba sa shiga yaƙin, kuma Hekta ya kashe Menelawus, sarkin Sifata, mijin Helen wadda aka yi yaƙin saboda ita. Koma kashi na 4 na Odisi, za ka tarar da Menelawus ɗin a raye a Sifata tare da Helen, yana karɓar baƙuncin Telemakus.