Yadda ake taimaka wa yaran da ke kwance a asibiti su yi wa jami'an tsaro katin godiya

Wanda ya taɓa jinyar yaro ya san yadda wuni yake tsawo a ɗakin kwanciya. Kullum yaron shi ake yi wa: a ba shi magani, a ɗaura masa ruwa, a ce masa sannu. Lokacin da na yi mako biyu ina jinyar ɗiyata mai ciwon sikila, ranar da na fara ganin ta saki jiki ita ce ranar da ta zana motar 'yan kwana-kwana ta ce a kai musu. Ta samu abin da ita ma za ta ba wani.

Fara da neman izinin nas ɗin da ke shugabantar sashen yara. Ita ta san yaron da zai iya tashi zaune da kuma wanda aka ce ya kwanta. Ita ce kuma za ta faɗa maka lokaci, wanda galibi bayan likitoci sun gama zagayen safe ne, kafin 'yan dubiya su cika ɗaki. Sai ka zagaya gado gado ka gaida masu jinya, ka nemi yardarsu.

Idan kana son aikin ya dace da wata rana, akwai 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wadda ta yi daidai da ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Akwai 7 ga Afrilu ta 'yan sandan Najeriya, da 4 ga Mayu ta 'yan kwana-kwana a duniya.

Kayan aiki ba su da yawa: kwali fari, takardu masu launi, fensir mai kala, gam na sanda, da faranti ko katako mai faɗi da za a ɗora a cinya. Bar fenti mai ruwa a gida, yana ɓata zanen gado. Duwatsun ado da maɓallai su ma kada su shigo, ƙananan yara suna kai su baki. Yanke-yanke kuwa ka gama shi tun daga gida, almakashi ya zauna a hannun manya.

Tsafta ce wurin da ya fi bukatar kula. A wanke hannu da sabulu kafin a fara da bayan an gama. Kowane yaro da ledarsa ta kaya, ba aro tsakanin gadaje. Wanda aka keɓe saboda ƙyanda ko tarin fuka, a bi abin da nas ta ce, kuma kayansa da katinsa ba sa fitowa daga ɗakin. Shi ma a bar shi ya yi nasa, ya manna a bangon gadonsa.

Ninka kwalin biyu. Ɗora tafin hannun yaron a kai, ka bi gefen yatsunsa da fensir, amma hannun da ba shi da allurar ƙarin ruwa. Shi zai cike sauran: jar mota da tsani, tutar kore-fari-kore, hular soja. Wanda jikinsa ba ƙarfi sai ya zaɓi launi kawai, uwarsa ta shafa masa. Minti 20 ya isa. Da ka ga ido ya fara lumshewa, tattara kaya.

Kalmomin su fito daga bakin yaron. "Mun gode, Allah ya tsare ku" ya fi duk wata doguwar magana da babba zai tsara. Sunan farko kaɗai za a rubuta, ban da ciwon da ke damunsa. Hoto kuma ba a ɗauka a sa a Facebook sai iyaye sun amince.

Wani yaron zai ƙi, musamman wanda rikici ya raba da garinsu, wanda ganin kaki da bindiga ke tayar masa da hankali. Kada a matsa masa. A ce ya yi wa nas ɗinsa ko mai sharar ɗakin.

Kai katunan da kanka caji ofis mafi kusa, ko ofishin 'yan kwana-kwana, ko ƙofar bariki, ka nemi shugaban wurin. Roƙe shi ya rubuto amsa ko da layi biyu ne, kuma ka hanzarta dawowa da ita ka karanta wa yaran, don wasu za a sallame su cikin kwana biyu.