Digiri 30 a Amurka sanyi ne: awo da ma'auni ga sababbin zuwa

'Yan'uwa da kuka sauka kwanan nan, musamman waɗanda karatun kimiyya, injiniyanci ko aikin jinya ya kawo ku, ga wani abu da ba a gaya wa mutum kafin ya hau jirgi. A makona na farko a Amurka na ji mai hasashen yanayi ya ce gobe digiri 30 za a yi. Na ce madalla, da safe na fita da riga shara-shara. Ban kai bakin titi ba na juyo a guje, kunnuwana kamar za su guntule. Ashe digiri 30 ɗin nasu na Faranhait ne, wato ƙasa da sifili kaɗan a Salshiyas. Lambar na ji ta daidai, ma'aunin ne ban tambaya ba.

A Faranhait ruwa yana daskarewa a 32, yana tafasa a 212. In kana son komawa Salshiyas sai ka cire 32, ka raba abin da ya rage da 1.8. Ba mai yin wannan lissafi a bakin ƙofa, don haka ka riƙe na gaggawa: cire 30, raba biyu. Aka ce 70, ka san kusan 20 ke nan. Iyaye mata kuma ku haddace lambobi biyu: 98.6 shi ne 37 na lafiyayyen jiki, 100.4 shi ne 38, inda ake fara kiran abin zazzaɓi.

Da ka shiga aji ko ɗakin gwaje-gwaje, labari ya canza. Nan tsarin SI, wato tsarin ma'aunai na ƙasa da ƙasa, ke mulki, ko a Amurka. An tabbatar da shi a 1960, amma asalinsa tsarin mita ne da Faransa ta ƙirƙiro a zamanin juyin juya halinta, kuma a 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita a Paris, har da Amurkar. Ginshiƙansa bakwai ne: mita don tsawo, kilogiram don nauyin abu, sakan don lokaci, amfiya don ƙarfin gudun lantarki, kelbin don zafi, mol don yawan sinadari, kandela don ƙarfin haske. Duk sauran daga waɗannan aka haife su. Niyuton, ma'aunin ƙarfin turi ko ja, alal misali, kilogiram ne sau mita, a raba da sakan sau sakan. Wanda ya gane wannan ya samu hanyar kama kuskurensa tun kafin malami ya kama shi: in kana neman gudu amsarka ta fito da kilogiram a jikinta, ka san an yi ɓatan kai a hanya.

Wani abin da yake ba ni sha'awa: har zuwa 20 ga Mayun 2019, kilogiram wani ɗan curin ƙarfe ne da aka kulle a Sèvres kusa da Paris, duniya duka tana auna kanta da shi. Yanzu an ɗora shi a kan wata lamba ta fiziks da ba ta canzawa. Inci ma da Amurkawa ke taƙama da shi, tun 1959 aka yanke cewa santimita 2.54 ne cif. Ke nan ƙashinsa na mita ne, riga kawai ya canza.

Kada ka ɗauka sabon zuwa ne kaɗai ke faɗawa wannan rami. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar wani kumbo da ta tura duniyar Mars, domin wani ɓangaren aikin ya ba da lambobinsa da laba, ɗayan ya karɓe su a matsayin niyuton. Ƙwararru ne duka. Shi ya sa malamai ke zabge maki in ka rubuta lamba tsirara, ko da lissafinka daidai ne. Ni a ganina sun yi gaskiya. Ka kuma kula da girman harafi: mW (miliwat) da MW (megawat) ba ɗaya ba ne, na biyun ya ninka na farkon sau biliyan.

Ma'aunan titi ba su da wuya. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, giram 454 ce. Ingila ta fi rikitarwa, don ta raba ƙafa: allunan hanya da mil, man mota da lita, mutum kuma ya faɗa maka nauyinsa da siton, wanda laba 14 ne. Galan ma biyu ne, na Amurka lita 3.8, na Ingila lita 4.5.

Inda ba wasa shi ne asibiti. Ana lissafa maganin yara da kilogiram, to in an tambaye ki nauyin ɗanki, ki faɗi lambar tare da ma'auninta. Mai ciwon sukari ya sani cewa injin Amurka zai nuna masa 126 inda na Ingila zai nuna 7, jini ɗaya ne, da 18 ake rabawa. Miligiram kuma ya ninka maikirogiram sau dubu, ka duba kwalin sau biyu.

Waɗanda suka nufi Jamus ko Faransa sun huta da mil da laba, amma akwai tarkon waƙafi. A can 1,5 ɗaya da rabi ne, kuma Bajamushe in ya rubuta 1.000 dubu yake nufi. Kafin ka zuba sakamakon gwajinka a kwamfutar makaranta, ka duba wane salo aka saita mata.