Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa wa kyanwa abin wasa a gida

A gidaje da yawa a Birnin Kebbi da Argungu ana ajiye kyanwa, wadda dattawanmu ke kira mussa, domin ta kori ɓera daga rumbu da ɗakin ajiyar shinkafa, kuma yara ne suka fi haɗa mata abin wasa da duk abin da hannunsu ya kai gare shi. Abin da ake mantawa shi ne, a wurin kyanwa wasa farauta ce, saboda haka duk abin da ta cafke, a bakinta zai ƙare.

Kuskure mafi muni shi ne a bar mata zare, ko na ɗinkin hula, ko ulu, ko zaren kitso. Harshen kyanwa yana da ƙananan ƙayoyi masu fuskantar maƙogwaro, su ne kaushin da mutum ke ji idan ta lashi hannunsa, kuma su ne ke hana ta tofar da zare idan ya shiga, sai dai ta yi ta haɗiya. Sau da yawa bakin zaren yakan naɗe a gindin harshe, sauran ya wuce ciki. Hanji yana ta ƙoƙarin tura shi amma ya ƙi tafiya, har hanjin ya tattare kamar ƙugun wando a jikin zariya, daga nan zaren ya fara yanka shi. Na ga wannan a kan kyanwar gidanmu, wadda ta kwana biyu tana amai, ta lafe a bayan randa, ko kan kifi ta ƙi shinshinawa. Sai da likitan dabbobi ya ɗaga harshenta muka ga jan zare ya nutse a naman, kuma sai da aka yi mata aiki ta rayu. Duk wanda ya ga zare yana leƙowa daga bakin kyanwa ko duburarta, kada ya kuskura ya ja, ya kai ta asibitin dabbobi a ranar. Masunta a Yauri da Argungu su ƙara kula da zaren fatsa, domin ƙugiya mai ƙarnin kifi ba ta tsira daga bakin kyanwa.

Gyaran ba shi da wuya. A samu kara mai ƙwari, a ɗaura masa yankin ƙyalle mai kauri wanda faɗinsa ya kai yatsu biyu, a yi wasan, sannan a ɗauke shi a rufe idan an gama.

Kwalliya ma kuskure ce. Maɓalli da duwatsun ado da ake liƙawa a matsayin idon ɓera kyanwa ba ta damu da su ba, kuma su ne farkon abin da take ɓantarewa. Tsohuwar safa da aka cusa wa ƙyalle aka ƙulle bakinta ta wadatar, haka ma ƙodagon goruba, wanda yake gangarawa a kan siminti kuma ya fi ƙarfin haɗiya.

Akwai kuma guba da ido ba ya gani. Kyanwa na son shiga kwali ƙwarai, amma kwalin da ya taɓa ɗaukar maganin feshin gona, ko fiya-fiya, ko kafur, bai dace da ita ba, domin abin da ya taɓa gashinta za ta lashe shi. Haka nan kada a yanki gidan sauro mai magani a yi mata ƙwallo ko lilo: hantar kyanwa ba ta iya sarrafa irin wannan maganin ƙwari kamar ta mutum ko ta kare, kuma idan ya yi mata yawa yakan jawo karkarwa da farfaɗiya. Gashin zabo da na kaza suna burge ta, sai dai a ɗauko daga tsuntsun da aka yanka da lafiyarsa, a wanke a shanya. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a Jihar Kaduna a 2006, tana kama kyanwa, don haka gashin mushe ba abin wasa ba ne.

Ko abin wasan ya yi kyau, ana ɓata shi wajen yadda ake wasan. Wasu sukan kaɗa ƙyallen a fuskar kyanwa, alhali ɓera ba ya tunkarar ta. A ja shi a ƙasa yana nisantar ta, ya tsaya, ya ɓuya bayan turmi, sannan ya sake fitowa. Yara kuma a hana su tsokanar ɗan kyanwa da yatsu, domin cizon da ake yi wa dariya yau shi ne zai fitar da jini idan ya girma. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan asuba da gab da magariba, sa'ad da jikinta ke neman farauta. Minti 10 sun isa, amma a bar ta ta kama abin a ƙarshe, ta danne shi da ƙafafun gaba, sannan a zuba mata abincinta.